Mai kula da mu ya kira ni "cabrón", yanzu an daina sa ni aiki. Ina mafita?

Mai tambaya (Admin a sakaya sunana): Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a rumfunan leda na tumatir a wajen El Ejido, lardin Almeriya a Sifaniya. Ɗan ƙanen babana ne ya karɓe ni da na zo, shi ya kai ni aka sa sunana a padrón, wato rajistar mazauna gari, daga baya muka saɓa a kan kuɗin ɗaki da na wuta, har magana ta kai gida, tsohuwata ta kira ni tana kuka, ga ta da hawan jini, ga iyalina da na bari a Damagaram, kowane wata sai na tura. Na kwashe kayana na koma ɗakin wasu 'yan Mali. Duk na shanye. Mai gonar ya yi mini alkawarin kwantiragi don in nemi takardun zama ta hanyar arraigo, wato izinin da ake ba baƙon da ya daɗe a ƙasar. To ranar Asabar na riga kowa cika akwatunan layina, sai encargado, wato mai kula da mu, ya daki kafaɗata yana dariya ya ce "qué cabrón, moreno". Na duba cabrón a waya, na ga wai bunsuru, a ƙasa kuma an rubuta mutumin da matarsa ke cin amanarsa. Muka yi 'yar magana. Tun ranar bai sake sa ni cikin masu fita aiki ba. In je in same shi, ko in kai ƙara wajen mai gona, ko in tattara in tafi Lleida tsinkar 'ya'yan itace?

Malam na Granada: Wa alaikumus salam ɗana. Ka kama reshe ka bar tushe. Cabrón daga cabra ta fito, akuya, tushenta Latin. Wadda ya kamata ta dame ka ita ce moreno, wato mai duhun fata. Daga moro aka ciro ta, moro kuma daga Maurus, sunan da Rumawa ke kiran mutanen arewacin Afirka. Tun da Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙetara zuwa Sifaniya a 711 har Granada ta faɗi a 1492, da wannan sunan suke kiran Musulmi, kuma har gobe in suna son wulaƙanta ɗan Maroko shi suke jefa masa. Alhali bakinsu cike yake da Larabci. Magajin garinsu alcalde suke ce masa, alƙali ke nan. Azúcar sukari, taza tasa, hasta hatta. Ojalá da suke faɗa in suna fatan abu, sunan Allah ne a ƙarshenta, akasarinsu ba su ma sani ba. Kada ka ba kowa haƙuri.

Direba a Basalona: Malam, da girmanka, tarihi ba ya sa hannu a kwantiragi. Ɗan uwa, mutum ya daki kafaɗarka yana dariya bayan ka riga kowa gamawa, ai yabo ne. Kamar a gida yaro ya yi bajinta a ce "kai, shege!", wa ke zuwa neman takardar auren iyayensa? Murya ce ke raba zagi da wasa a wannan kalma. Moreno kuma da yawansu ita suke ɗauka mai laushi, don gudun cewa negro.

Malam na Granada: Laushi a bakin wa? Ka je ka karanta abin da aka yi wa 'yan Maroko a El Ejido ɗin nan a watan Fabrairun 2000, sannan ka dawo mu yi maganar laushi.

Hajiya mai aikin gida: Ni dai kalmomin nan sun isa da ni. Coger a nan Sifaniya ɗauka ce kawai, a ɗauki jaka, a hau bas. Na koma aiki gidan wasu 'yan Ajantina na faɗe ta, matar gidan da ƙanwarta suka yi ta dariya har da hawaye. Ashe a ƙasarsu da Meziko kalmar batsa ce. Ba wadda ta yi mini bayani, sai wata 'yar Senegal a tasha. Kuma har yau kuɗin wata guda na wajensu, Allah ya isa.

Ɗan Agadas: Ku dakata. "Muka yi 'yar magana" ɗin nan fa? Me ka ce masa?

Mai tambaya: Ba wani abu ba ne. Na ce masa "tu madre". Shi ya fara.

Ɗan Agadas: Innalillahi. Uwarka ka ce wa mai rubuta sunayen masu aiki, a gaban mutane?

Mai tambaya: To ya zan yi? Kowa a gonar ya san matata na gida ni ina nan. Mutum ya jefe ni da kalma irin wannan in tsaya ina murmushi? Ku ba ku ji yadda na ji ba. Kuma ba da ƙarfi na faɗa ba.

Direba a Basalona: Wallahi mutumin nan ko tunanin iyalinka bai yi ba. Waya tana jero maka duk ma'anonin ƙamus ne, ba ta san wadda ake nufi a rumfar tumatir ba. Gobe da asuba ka tare shi kafin mutane su taru, ka ce "perdona, jefe, no entendí", wato yi haƙuri maigida, ban gane ba. Shi ke nan. Ni farkon zuwana da aka ce mini tío cewa na yi sun mayar da ni kawu, ashe kowa tío ne, har yaro ɗan shekara goma.

Malam na Granada: Wannan sassaucin shi ya sa ake taka mu. Ni na ce kada ya je. Ku lura ma, miskini da muke tausaya wa, su mezquino a bakinsu marowaci ne mai ƙaramar zuciya. Kalmar aikin da kuke ta mutuwa a kai, curro, da chaval da suke kiran samari, daga Caló suka aro, harshen Gitano, mutanen da su ma aka daɗe ana rainawa. Su ari kalmarka su raina ka.

Wani daga Malabo: Mu nan Equatorial Guinea ma Sifaniyanci ake yi. Wani abokina Bafulatani ya kusa dambe a kasuwa don ya ji ana "fulano, fulano", ya ɗauka da ƙabilarsa ake. Wane kawai ake nufi, daga fulan na Larabci. Amma ɗan uwa ka kai maganar wajen mai gona kai tsaye, shi ya yi maka alkawari.

Ɗan Agadas: Kada ka soma. Ka tsallake encargado ka je sama, ka gama da gonar nan. Ni wani lauya ya ci mini yuro masu yawa a kan arraigo, takarda ɗaya bai shigar ba, kuma ɗan uwanmu ne ya haɗa ni da shi. A rubuce aka yi maka alkawarin ma?

Mai tambaya: Na gode duka. Amma ni ban ga abin ba da haƙuri ba tunda ba ni na fara ba, kuma Malam ya ce ita moreno ɗin ma zagi ce. 'Yan Malin da muke ɗaki sun ce shi encargado ɗin ma yakan yi kwana biyu yana fushi ya sauko.

Direba a Basalona: Kwana nawa yau?

Ɗan Agadas: Bai amsa maganar rubutu ba fa.

Mai tambaya: Akwai wanda ke Lleida a nan? Nawa ake kama gado a wata?