Idan aka kai hari da burbushin nukiliya a Legas: abin da zaman Agege ya tsayar

Bayan la'asar muka zauna a Agege, da malaman asibiti da 'yan gwangwan da 'yan kasuwa. Shawarar da kowa ya amince da ita: kada a ruga kallo. A shige gini na siminti, can ciki nesa da taga, a rufe ƙofofi, a kashe fanka, a kunna rediyo. A kira 112 ko 767.

An fi daɗewa kan maganar tufafi. Cire kayan da ke sama kaɗai na iya kawar da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙurar nukiliyar da ta sauka wa mutum. A ƙulle su a leda, a ajiye nesa da yara, a yi wanka da sabulu ba tare da dirzawa ba. Mai zubar jini kuwa, jinin za a fara tsayarwa.

Ƙwayar maganin ayodin tana kare wata gaɓa ce kawai da ke cikin wuya, wadda ake kira thyroid, kada a sha sai likita ya ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gargaɗin da ya shafi 'yan gwangwan. A Goiania ta Brazil a 1987, an fasa tsohuwar na'urar asibiti mai sinadarin siziyom, wanda ke fitar da tururin nukiliya mai cutarwa, mutum 4 suka mutu. Duk ƙarfen da ke ɗauke da alamar fanka mai fikafikai uku, wato alamar haɗarin nukiliya, a bar shi, a sanar da hukuma.