Cigiyar lauyan da ya san shari'ar ma'aikata, daga zauren 'yan unguwarmu a Birnin Kebbi

Maman Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah cigiya nake. Wa ya san lauyan da ya iya shari'ar ma'aikaci da wurin aikinsa? Ƙanwata ce ke aikin lissafin kuɗi a wani kamfani mai zaman kansa nan cikin gari. Ta lura ana cire wa ma'aikata kuɗin fansho duk wata amma ba ya shiga asusunsu, kuma akwai sunaye a jerin masu albashi da ba ta taɓa ganin masu su ba. Ta rubuta wa manaja. Tun daga nan aka ɗauke ta daga ofis aka mayar da ita sito, ga ta da ciki wata bakwai. Shekaranjiya aka ce mata wai aikin ya fi ƙarfin mai juna biyu, ta rubuta takardar ajiye aiki da hannunta, a ba ta albashin wata biyu a rabu lafiya. Sun ba ta zuwa Litinin.

Malam Nasiru: Wa alaikumussalam. Kafin a zo maganar lauya, ki kira ta yanzu ki ce kada ta rubuta, kada ta sa hannu a komai. Ko takardar da aka ce ai shaidar karɓa ce kawai, ta ce za ta je gida ta karanta.

Abba Jega: Kai, ai wannan arziki ne ya kira ta. Ta tafi EFCC kawai, suna da ofis a Sakkwato. Masu kwarmata bayanai ana ba su kashi biyar cikin ɗari. Ko kuma Anti ki ba ni sunan kamfanin in ɗora a Facebook, kafin magariba za su neme ta da ban haƙuri.

Barista Hauwa: Abba, ajiye wayar nan don Allah. Ranar da ka ɗora suna, shari'ar ta juya, su ne za su zama masu ƙara kan ɓata suna, kuma an sha kama mutane da dokar laifukan intanet ta 2015 kan rubutun da bai kai wannan ba. Batun kashi biyar kuma, tsarin da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fitar ne a Disambar 2016, ladan daga kashi 2.5 zuwa 5 na abin da aka ƙwato, kuma kan dukiyar gwamnati yake magana. Kuɗin kamfani mai zaman kansa ba ya ciki. Sannan tsari ne na gwamnati, ba doka ce da majalisa ta yi ba, don haka ba wata garkuwa ce mai ƙarfi da za ta hana a kori mutum ba. Yaya Maman Khalifa, ni aikin filaye da gidaje nake yi a Abuja, ba zan karɓi wannan ba, amma zan faɗa miki irin lauyan da za ki nema.

Kawu Ɗanjuma: Ni dai wagga magana ina ganin ba ta kai ga kotu ba tukuna. Mai kamfanin ɗan gari ne ko baƙo? In ɗan gari ne, yana da uba, yana da hakimi, yana da limamin da yake jin kunya. Kuma ku duba, sunayen bogin nan shi ake cuta, mai yiwuwa bai ma san mi ake ciki ba, manajan ne ke cin abinsa. A samu dattijo guda a tai a gan shi. Yarinya da tsohon ciki ba ta bukatar hawa mota zuwa kotu.

Anti Rahila: Kawu, ranka ya daɗe, ban ƙi ta taka ba, amma a je da takarda a hannu. Ni na sha wannan ruwan. Ina wata hukumar gwamnati, na ƙi sa hannu a rasidan man dizal da na san injin bai sha ba, na rubuta wa na sama. Sai ga takardar tuhuma wai ina zuwa aiki a makare, sai dakatarwa, sai kora. Lauyan da na fara samu mutumin kirki ne, ya yi suna a shari'ar gado da filaye, amma ya kai ƙarata babbar kotun jiha. Muka yi ta jeka-ka-dawo, daga ƙarshe lauyan gwamnati ya miƙe ya ce kotun ba ta da hurumi, alƙali ya yarda da shi. Kuɗin da na kashe da lokacin duk sun tafi a banza. Sai da na samu wanda ke zuwa Kotun Ma'aikata a Sakkwato sannan maganata ta fara tafiya. Don haka tambayar farko da za ki yi wa duk lauyan da aka nuna miki: Barista, yaushe rabonka da Kotun Ma'aikata? In ya fara kame-kame, ki gode masa ki tashi.

Barista Hauwa: Anti Rahila ta faɗi abin da nake shirin rubutawa. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita kaɗai hurumin duk rikicin aiki: kora, albashi, fansho, nuna bambanci, cin zarafin mata a wurin aiki. Babbar kotu ba ta da hannu, kotun shari'a ma haka. Kuma kotun tana da damar duba yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta amince da su, ciki har da ta haramta nuna bambanci a wurin aiki. Shi ya sa lauyan da ya saba da can zai gina ƙarar ta wata fuska daban da ta lauyan da bai saba ba.

Maman Khalifa: To Barista, cikin nan da suka fake da shi, doka ta ce wani abu a kai?

Barista Hauwa: Ta ce. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mace hutun mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aiki, kuma ba a ba ta takardar kora tana cikin hutun. Sai dai akwai wani lungu: dokar ta fi shafar leburori da ƙananan akawu, ta cire masu riƙe da manyan muƙamai da ƙwararru. Kamfanin zai iya cewa ita ƙwararriya ce. Lauyan da ya sani ba zai tsaya nan ba, zai koma kan takardar kama aikinta, da littafin ƙa'idojin kamfanin, da sashe na 42 na tsarin mulki da ya hana bambanci saboda jinsi, ƙabila, addini ko asali. Kun tuna 'yar sandan nan ta Ekiti da aka kora saboda ta yi ciki ba aure? A Janairun 2023 kotun nan ta soke ƙa'idar da aka kore ta da ita, saboda mata kaɗai take kamawa. Ba ina kwatanta halin da suke ciki ba ne, Allah Ya sani, ina nuna miki yadda kotun ke kallon hukuncin da ya faɗa kan mace don kawai ita mace ce.

Usman Akawu: Bari ni ma in sa baki, tunda ni ke ɗaukar fayil a ofishin lauya. Abin da ke kashe ƙarar ma'aikata a gabanmu ba rashin gaskiya ba ne, rashin takarda ne. Mutum ya zo yana kuka, ka ce ina takardar kama aiki, ya ce tana cikin durowar ofis, ofishin da mai gadi ya riga ya hana shi shiga. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gobe Juma'a in ta je, ta kwaso nata na kanta: takardar kama aiki, ta tabbatarwa, takardun albashi, kwafin wasiƙar da ta rubuta wa manaja, da takardar da aka mayar da ita sito in a rubuce aka yi. In da baki aka yi, ta tura wa manaja saƙo cikin ladabi, ta ce ranka ya daɗe, ina so in tabbatar, an mayar da ni sito daga ranar kaza, kuma an ce in ajiye aiki saboda juna biyu, haka ne? Duk amsar da ya ba ta, ko shiru ya yi, ta adana. Kada ta goge WhatsApp, kada ta sayar da wayar ko ta ba ƙanenta. Dokar Shaida ta 2011 tana karɓar saƙon waya, amma sai an haɗa da takardar shaida kan na'urar da aka ciro shi, kuma lauyan ɗaya ɓangaren zai so a ga wayar.

Malam Nasiru: A ƙara da katin awon ciki da takardar likita.

Usman Akawu: Ƙwarai. Amma kada ta ɗebo littattafan kamfani ko ta kwashe fayil daga kwamfutarsu ta kawo gida. Da wannan za su kai ta ofishin 'yan sanda su ce sata. Ta faɗa wa lauya abin da ta gani da inda yake, shi ya san yadda zai sa kotu ta umarce su su kawo.

Abba Jega: To fanshon mutane fa? Shi ke nan an ci bulus?

Malam Nasiru: Wannan ma shi ya fi sauƙin kamawa. Dokar Fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci kashi 8, mai kamfani kashi 10, kuma a zuba cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Ta je wurin kamfanin da ke riƙe mata fansho ta ce a buga mata bayanin asusunta. A ajiye shi gefen takardar albashi: nan an cire, can bai shiga ba. Wannan PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, ake kai wa, kuma akwai tara a kan duk watan da aka riƙe. Takardarta ce ta kanta, ba wanda zai ce ta sato.

Hajiya Balki: Ni matsalata kuɗi. Mutumin da ake shirin raba shi da albashi, da me zai biya lauya? Ku fara da na kyauta mana. Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a tana da ofis a nan, ba a biyan ko sisi, kuma suna kiran kamfani su zaunar da shi. Maƙwabcina sun karɓo masa giratutinsa da aka riƙe. Akwai kuma ƙungiyar lauyoyi mata, FIDA, irin wannan ta mai ciki suna ɗaukarta da zafi. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ma tana karɓar ƙorafi.

Barista Hauwa: Duka suna da amfani, Hajiya. Hukumar ba da tallafin shari'a kyauta ma tana nan, sai dai an ware ta ne don wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, mai yiwuwa albashin ƙanwar ya wuce haka. Abin lura, hukumar ƙorafi sulhu take yi da shawara, ba ta yanke hukunci kamar kotu, kuma in magana tana gaban alƙali ba za su taɓa ta ba. Don haka su ne farko, ba ƙarshe ba. Kuɗin lauya kuma, ƙa'idarmu ta yarda a yi yarjejeniyar kaso daga abin da aka samu a irin wannan ƙara. Amma a rubuta: kaso nawa, wa zai biya kuɗin shigar da ƙara, wa zai biya kuɗin mota zuwa Sakkwato duk zama. Wanda ya ce miki ki bari kawai ai mun zama ɗaya, da shi za ku yi faɗa daga baya.

Anti Rahila: Kuɗin motar nan kada a raina shi. Ka yi sammako bayan asuba ka je tasha, ka jira mota ta cika, ka bi ta Argungu ka isa kotu da ƙura har a gira, magatakarda ya ce an ɗaga sai wata mai zuwa. Ni daga Zuru nake tasowa wani lokacin, ku ƙiyasta. Shi ya sa a ganina gara lauyan da ofishinsa ke Sakkwato, ko yana da yaro a can. In ɗagawa ce, shi zai tsaya, ba sai ta je ba. Wanda ya yi mini yana nan da ransa, zan turo miki lambarsa ta gefe, ba na son in sa a zaure ba da izininsa ba. Ba shi da daɗin baki, zai iya ce miki ƙararki ba ta da ƙarfi a gaban idonki, amma ba ya ɓoye ranar zama kuma yana ba da rasit.

Maman Khalifa: Anti ke an mayar da ke aikin?

Anti Rahila: An mayar, amma ni ma'aikaciyar gwamnati ce, doka ce ta kafa sharuɗɗan aikina, kuma sun kore ni ba su bi matakan ladabtarwa ba. Kada ƙanwarki ta sa rai da haka. A kamfani mai zaman kansa da wuya kotu ta tilasta wa mutum riƙe ma'aikacin da ba ya so, diyya ake bayarwa. Kuma ko ni da na koma, teburin da aka ba ni ba fayil ɗin da ke zuwa kansa.

Malam Nasiru: Ga masu aikin gwamnati a zauren nan, tunda maganar ta zo: akwai tsohuwar dokar da ke kare jami'an gwamnati, wadda ta ce a shigar da ƙara cikin wata uku. Kotuna sun yi hukunci iri-iri kan ko ta shafi rikicin aiki, amma mu a ƙungiya abin da muke faɗa wa malamai shi ne kada ka yi caca da ita. Mutum ya zauna yana ta rubuta takardar roƙo, yana bin 'yan siyasa, wata uku ya wuce.

Kawu Ɗanjuma: To ni da na ce sulhu duk kun taso mini.

Barista Hauwa: Ba mu taso maka ba, Kawu, tuba muke. Ita kanta kotun tana da cibiyar sulhu tun 2015, kuma irin wannan tana iya ƙarewa a tebur. Abin da muke cewa, wanda ya je sulhu da takardar ajiye aiki a hannun manaja roƙo ya je yi. Kotu tana gane ajiye aikin da aka tilasta, amma tabbatar da shi wahala ne. Ka je wurin mai kamfanin, amma bayan lauya ya rubuta musu wasiƙa, kuma duk abin da aka amince a sa shi a takarda: hutun haihuwarta, komawarta ofis, da kuɗin fanshon.

Hajiya Balki: Kuma a duba hatimin ƙungiyar lauyoyi a kan wasiƙar. Akwai masu yawo da baƙar kwat a bakin kotu da ba lauyoyi ba ne.

Maman Khalifa: Allah Ya saka da alheri, jama'a. Na kira ta, ba ta rubuta komai ba. Takardar kama aikin tana gida, amma wasiƙar da ta kai wa manaja ba ta riƙe kwafi ba, ta ce a kwamfutar ofis ta buga.

Usman Akawu: Wa ya karɓa a hannunta? In sakatare ne, a duba ko ya shigar a littafin wasiƙu. In ba haka ba, ta ambaci wasiƙar da ranar da ta kai ta cikin saƙon da za ta tura wa manaja gobe.

Anti Rahila: Na turo lambar, duba. Ki kira shi bayan la'asar, da safe yana kotu. Ki ce daga wurina.

Kawu Ɗanjuma: In ya rubuta wasiƙar ku sanar da ni. Ki turo mini sunan mai kamfanin ta gefe, in ji ko ɗan wane ne.