Fallayen ƙarfe suna rabuwa wajen ƙirar wuƙa mai zane, ina nake kuskure?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Manyanmu a sana'a, don Allah a taimaka min. Wata biyu ke nan ina fama da haɗa ƙarfe mai zane, irin wanda ake kira Damaskus. Nakan jera falle tara, sifirin mota biyar da na wani nau'in ƙarfe mai lamba 15N20 huɗu a tsakaninsu, in kama bakin da walda, in sa a wutar gawayi, in barbaɗa boraks, farar hodar da ke narkar da dattin ƙarfe a wuta. A ido kamar ya haɗu. Amma da na juya dunƙulen ta gefe na fara bugu, sai ya buɗe baki kamar littafi. Jiya har na gama fitar da siffar wuƙar, ina cikin gogewa sai ga wani siririn baƙin layi daga tsakiya zuwa kusa da tsini. Na sa farce, ya shige. Karo na huɗu ke nan.

Wani ɗan zaure: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, da me kake goge fallayen kafin ka jera su? Kuma wane launi ƙarfen yake kaiwa kafin ka fito da shi?

Mai tambaya: Burushin waya kawai nake bi da su. Launi kuwa, ruwan lemo mai haske.

Tsohon maƙeri: To yaro, ai ka faɗi ciwon da bakinka. Burushi tsatsa yake ɗebewa, ba ya taɓa baƙin ɓawon da ke manne da ƙarfe. Ka sa injin gogewa ka ci kowace fuska har ta yi fari tas, ta kwanta sumul ba rami, ka share da asiton, sinadarin da ke cire maiƙo, kada ka ƙara dafa ta da hannu.

Wutarka kuma ba ta kai ba. Ruwan lemo zafin ƙira ne, haɗi yana son wajen digiri 1,250 zuwa 1,300 a ma'aunin Celsius, launin rawaya mai haske, boraks yana gudu a jikin ƙarfen yana hayaƙi. Ko ya kai haka kada ka yi gaggawa, don fallen waje yana riga na ciki yin zafi. Ka riƙa juya shi har layukan duhun da ke tsakanin fallayen su ɓace, dunƙulen ya zama launi ɗaya, sannan ka ƙara masa 'yan mintuna. Ka tara gawayi da zurfi, ƙarfen ya zauna a tsakiyar garwashi, nesa da bakin zugazugi. Iska in ta yi yawa sabon ɓawo take haifarwa a cikin wutar. In ka ga tartsatsi na tashi daga ƙarfen, ka wuce gona da iri, ƙonewa yake.

Sai bugun, inda yawancinku kuke ɓata aiki. Daga wuta zuwa uwar maƙera kada ya wuce taku ɗaya, masaba tana hannu tun kafin ka ɗauki awartaki. Bugun farko marar ƙarfi, amma da sauri, daga tsakiya zuwa baki, don boraks ya fice da dattin. In ka buge shi da ƙarfi, fallayen zamewa za su yi. Ka maimaita sawa a wuta da wannan bugun marar ƙarfi sau uku kafin ka kuskura ka bugi gefe. Ni kan tsaya in kalle shi yana hucewa: duk inda bai kama ba yakan riga sauran yin duhu, kamar inuwa.

Wata 'yar zaure: Baba ya gama magana, amma ni sifirin nan nake tuhuma. Yawancinsa irin ƙarfe mai lamba 5160 ne, akwai sinadarin kuromiyom a ciki, ɓawonsa kuwa boraks ba ya narkar da shi da sauƙi. Ka lura, tunda shi ne a waje, duk ninkin da ka yi sifirin ne yake haɗuwa da sifirin. Ka nemi ƙarfe mai lamba 1084 ka haɗa da 15N20, kusan tare suke tafiya a wuta, kuma sinadarin nikel da ke cikin 15N20, wajen kashi 2 cikin ɗari, shi ke ba da farin zanen.

Wani ɗan zaure: Ni kam na daina boraks, kananzir nake jiƙa dunƙulen da shi. Boraks yana cinye ƙasan murhun gas, kuma in ya maƙale a ciki shi kansa baƙin layi yake bari.

Tsohon maƙeri: A murhun gas da ka iya saita iskarsa, na yarda. Mai koyo a wutar gawayi ya riƙe boraks ɗinsa, ya barbaɗa tun ƙarfen yana ja, kafin ɓawo ya taru.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Baba, ita wuƙar jiya fa, za ta gyaru?

Tsohon maƙeri: Ta riga ta yi siriri, ka mayar da ita zafin haɗi ƙonewa za ta yi. Ka yanke ta daidai kan layin, ka buɗe da kurfi ka duba ciki. In ka ga baƙin ɓawo, datti ne ko iska. In ka ga abu kamar gilashi, boraks ne ya maƙale. In fuskar tana da tsabta amma ba ta kama ba, wuta ce. Ka turo mana hoton abin da ka gani.