Karena na zubar da gashi amma ba ya susa, wane irin ciwo ne wannan?

Mai lambu, hanyar Mirriya:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da ɗan kare baƙi, Duna, watansa 8, shi ke min gadin lambu. Wata biyu ke nan gashi ya fara zuba kewaye da idanunsa, kamar wanda ya sa tabarau. Daga nan abin ya sauko bakinsa da ƙafafun gaba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ba ya susa. Na san kare mai ƙazuwa, ba ya barci, ba ya barin kowa ya yi barci. Wannan kuwa cinsa yake, wasansa yake.

Maƙwabcina ya ce in shafa masa baƙin man mota, na shafa sau biyu. Ya lashe, ya kwana yana amai. Wani mai tebur ɗin magani ya yi masa allura ɗaya, ya karɓi jika biyu, ya ce sati guda ya warke. Yau sati uku. Fatar ƙafafun ta yi kauri ta yi baƙi, ga ƙuraje masu ruwa, ga wari. Yarana na wasa da shi, kuma akwai mussa a gidan. Zai kama su?

Ɗan farauta daga Birni:

Wa alaikumus salam. Malam, ƙazuwa ce kawai. Ka dafa ganyen dogon yaro ka wanke shi, ka samo ruwan da ake fesa wa shanu na kaska. Mu haka muka taso muna yi.

Ma'aikacin kiwo, Zango:

Yaya maharbi, a yi haƙuri, nan kam ban bi ka ba. Ƙazuwar kare iri biyu ce, kuma susar ce ke raba su. Wadda ka sani ƙwaron Sarcoptes ke kawo ta. Yana haƙa rami a fata, yana fara cin gefen kunne da gwiwar hannu, kuma yana haye mutum ya sa shi ƙaiƙayi na ɗan lokaci. Ka murza gefen kunnen irin wannan kare, sai ka ga ƙafar baya ta kama harbin iska.

Abin da mai lambu ya kwatanta ya fi kama da Demodex. Shi wannan ƙwaro a cikin ramin gashi yake zaune, kusan kowane kare na da kaɗan, daga uwa yake samu a kwanakin farko na shan nono. Sai garkuwar jiki ta yi rauni, saboda ƙuruciya ko yunwa ko tsutsar ciki, yake yawaita ya tuge gashin. Ba ya kama mutum, na kare kuma ba ya kama mussa. Idan tabo ɗaya ne ko biyu a ɗan kwikwiyo, sau da yawa da kansa yake bajewa. Naka ya wuce nan. Ƙurajen da warin alama ce ƙwayoyin cuta sun shiga fatar, su ma da nasu maganin daban.

Amma duk wannan hasashe ne daga nesa. Kai shi wurin likitan dabbobi a kankare fatar da reza har jini ya ɗan tsattsafo, a duba a madubin likita. Kada tausayi ya sa ka hana, in an kankare sama-sama ba a ganin komai, don ƙwaron na can ƙasa. Muna da reshen LABOCEL, wato ɗakin binciken cututtukan dabbobi na gwamnati, a nan Damagaram, ka tambaya a ofishin kiwo su nuna maka. Dalilin da na matsa, akwai wani ciwon da shi ma ke sa wa kare tabarau, leshmaniya, wanda wani ɗan mitsitsin ƙuda mai cizo da dare ke yaɗawa. Shi yakan zo da rama, farata su yi zaƙo-zaƙo, ya taɓa ƙoda. Irinta mai sa mutane gyambo ba baƙuwa ba ce a yankinmu, tun 1911 wani likitan Faransa ya rubuta labarinta a Zinder.

In Demodex ne, allurar ivermectin (maganin ƙwari da tsutsa) guda ɗaya ba ta yi masa komai, kuɗinka kawai aka ci. Magani ne na watanni, kuma likita ke auna shi da nauyin kare, don in ya yi yawa kare na tangaɗi, yana iya makancewa. Akwai ƙwayoyin taunawa irin su Bravecto da NexGard, suna aiki sosai, sai dai tsada da wuyar samu. Ba a dainawa don gashi ya fito, sai an kankare sau biyu, wata guda tsakani, ba a ga ƙwaro ba. Baƙin mai kuwa, don Allah a bar wa injin kayansa.

Hajiya mai mussoshi, Sabon Gari:

Ɗana, ni ta mussar zan yi magana. Ko kusa kada ruwan kaskar nan ya taɓa ta. Mai permethrin a ciki kashe mussa yake, ko jikin karen da aka fesa wa ta goga ta lashe, sai karkarwa. Haka paracetamol, ƙwaya ɗaya ta isa. Sannan ka duba ta da kyau. In ka ga tabo zagaye mai garin fata a fuska ko kunne, makero ne, shi kam yana kama yara. Jikata a ka ya fito mata, muka yi ta zargin mai kitso, ashe ƴar mussar da take kwana da ita ce.

Mai lambu, hanyar Mirriya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya na ɗora shi a amalanke na kai shi, mutane na ta dariya wai kare ya samu gata. An kankare wuri uku, Duna ya yi kuka kamar ana yanka shi. Likitan ya ce in leƙa da idona. Ga su nan birjik, dogaye kamar karan sigari, da guntayen ƙafafu takwas duk a gaba, ɗaya har yana motsi. Ya ba mu maganin ƙurajen da na tsutsar ciki, ya ce in ƙara masa abinci, tuwon da ya kwana kaɗai ba ya riƙe kare mai tasowa. Ya kuma tambaye ni takardar rigakafin haukar kare, na sunkuyar da kai. Zai yi masa in fatar ta lafa. Hajiya, mussar lafiyarta lau, na duba har cikin kunne. Yanzu wa ya san sabulun da ke fitar da baƙin mai daga gashin kare? Har yau wuyansa na danƙo.