Neman shawara: ina so in haɗa 'yar tirelar kwana da zan ja da Hilux

Sani, Yelwa, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin ƙarfe da mota ku ba ni shawara kafin in zuba kuɗina. Sana'ata sa sola da gyaran famfon burtsatse, aikin kuma yana kai ni ƙauyukan arewacin Kamaru, wajen Poli da Cholire, wani lokacin har Rai Buba. In na fita sai in yi kwana huɗu ko biyar. Kayan aiki sun cika bayan Hilux ɗina, don haka kwana sai a kan tabarma a gindin taya. Watan jiya, a wani ƙauye bayan Gijiba, na ɗaga tabarmata da asuba na tarar da kunama biyu a ƙarƙashinta, daidai inda kaina yake. Tun ranar nake tunanin haɗa 'yar tirela, remork ƙarama wadda zan riƙa kwana a ciki. In an yi hutun makaranta kuma in ɗauki uwargida da yara biyu mu je bakin ruwan Lagdo mu kwana ɗaya, sun daɗe suna roƙona.

Ga abin da na zana a takarda. Faɗi mita 1.22, tsawo 2.44, daidai falle ɗaya na kontirplake, wato faifan katako, don kada a yi asarar yanka. Tsayi mita 1.80 yadda zan iya miƙewa in sa riga. Kwano a rufe ko'ina, taga ɗaya. Wani makaniki ya ce zai sayar mini da ƙafar bayan tsohuwar Peugeot 504 da araha. Duron ruwa mai lita 200 zai zauna can baya kusa da ƙofa don sauƙin ɗiba, risho da tukunyar gas a ciki. Abin da na tara sefa dubu 400 ne. Zai isa? Me na manta?

Malam Bukar mai walda, Garwa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka yi dabara da ka yi tambaya kafin a kunna injin walda. Ma'aunin falle ɗaya ɗin nan daidai ne, ka riƙe shi. Sauran kuwa sai mun warware.

In fara da duro. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ka ga kilo 200 ke nan ka ɗora a wutsiya. Tirela tana tafiya lafiya ne in gabanta ya fi nauyi, har ya danna ƙugiyar mota da kamar kashi 10 cikin 100 na nauyinta duka. In ta kai kilo 600 da kaya, kilo 60 ya kamata ya sauka a kan ƙugiya. Ba sai ka yi kirdado ba: ari sikelin masu awon masara, ka ɗora bakin sandar ja a kai bisa guntun katako, ka karanta. Ƙafafun kuma ba a tsakiya ake sa su ba, ana ja da su baya kaɗan. A akwati mai santimita 244, ka auna kamar 146 daga gaba, nan ne tsakiyar taya.

Ƙafar 504 ka bar wa makanikin abinsa. Tana ɗauke da diferansiyel, wato tulun giyar da ke tsakiyarta mai juya tayoyi, wanda ba zai yi maka aikin komai ba sai nauyi da zubar da mai, tulunsa kuma shi ne zai fara dukan dutse a hanyar Poli. Ka nemi miƙaƙƙiyar sanda da kawuna masu kusoshi shida irin na Hilux ɗinka, ka sa taya girmansu ɗaya da na motar. Ranar da ka yi faci biyu a daji, safaya ɗaya za ta shiga ko'ina. Sifirin kuma, wato ganyen ƙarfen da ke shanye gargada, kada ka sa na ɗaukar tan guda a ƙarƙashin abu mai kilo 600, don ba zai lanƙwasa ba, tirelar za ta riƙa tsalle kamar ɗan akuya. A zare masa ganye biyu ko uku.

Firam ɗin, bututu mai kusurwa huɗu milimita 50 da 50, kauri milimita 3, ya wadatar. Sandar ja ta fi shi kauri, a yi ta kamar harafin A, ta bi ta ƙarƙashin firam har kusa da mariƙin sifirin. Abin da yara masu koyo suke yi wanda nake faɗa da su kullum shi ne su ja walda a gicciye a bisa sandar ja, daidai inda ta haɗu da gaban akwati. Nan ne wurin da ƙarfen yake lanƙwasa a kowane rami, kuma nan yake tsagewa. A yi waldar a gefe, ta bi tsawon sandar.

Abakar, Njamena:
Maganar duro ta taɓa ni, Malam Bukar. Shekara uku da suka wuce na ja wata ƙaramar remork daga Kuseri zan je Marwa, na sa janareta da jarkokin mai a can baya. Inda hanya ta lalace ina tafiya a hankali, lafiya lau. Da na samu kwalta mai kyau na ɗan taka, ina kaiwa 70 sai na ga a madubi tana kaɗa wutsiya, dama, hagu, kowane kaɗi ya fi na baya faɗi. Tsoro ya sa na danna burki da ƙarfi, nan take ta kife ta murɗe mini ƙugiya. Allah ya tsare babu mota a bayana. Yaya Sani, in ta taɓa yi maka haka, ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, ka bari gudun ya mutu da kansa. Sannan ka tsaya ka mayar da kaya gaba. Ruwa kuma jarka huɗu masu lita 20 sun ishe ka, ka jera su a kan ƙafafun ko gabansu kaɗan, ka ɗaure. Duron da aka sha rabi ya fi cikakke haɗari, don ruwan yana yawo a ciki.

Hajiya Mairo, Marwa:
Ni ba ruwana da ƙarfe, amma ɗana Sani, akwatin kwano a rufe a ƙasar Garwa? A watan Maris da Afrilu zafi yana wuce 40, kwanon da ya sha rana tun safe ba zai huce ba sai tsakar dare. Mu da muke da ɗakunan kwano ai tsakar gida muke kwana a bazara. Ka tambayi uwargidanka ko za ta shiga da yara, za ka ji amsa.

Wuta kuwa, don girman Allah kada ka kai ta ciki. Gas in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, ba ya fita ta taga. Gawayi ya fi shi mugunta. Lokacin hunturu mutane suna shigar da kasko ɗaki su rufe ƙofa, hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa ya kwantar da su, wasu ba sa farkawa. Ka sa a yi maka wani allo a gefen tirelar daga waje, mai saukowa ya zama tebur, a ɗora risho a kai. Tukunyar gas ta zauna a waje a tsaye, a ɗaure, cikin inuwa. Bakin Lagdo kuma sauro ne kamar a ɗebe shi da ƙwarya. Raga a kowace kafa, gidan sauro mai magani a kan katifa, kuma kada ka bar yara su kusanci ruwa da magariba saboda dorina.

Malam Bukar mai walda, Garwa:
Hajiya ta riga ni. Tsayin 1.80 a kan faɗin 1.22 abu ne siriri dogo, ga iska tana dukansa, ga saurin kifewa a kwana. Ni da zan yi wa kaina, akwati gajere zan yi, bai fi santimita 60 ba, kaya a ciki. Murfinsa ya buɗe gefe ya tsaya a kan ƙafafu biyu, faɗin ya ninka ya koma 2.44, gado ke nan na mutum huɗu. Sama a kafa ƙarafa masu cirewa, a ja tamfol mai kauri, gefe duk raga. Kana sama da ƙasa, kunama ba ta kai ka, iska tana ratsawa.

Usmanu direba, Ngaundare:
Ni ban yarda da tamfol gaba ɗaya ba, Malam. Ku mutanen Garwa zafi kawai kuke tunawa. A nan kan tudun Ngaundare damina tana da tsawo, daren Disamba kuma sanyi ne na gaske. Ko a Poli, hadarin farkon damina da iskarsa zai iya ɗauke tamfol da tsakar dare. Sannan mai kayan sola yana bukatar abin da zai kulle. In ni ne, rufin katako mai ɗagawa zan yi, da soso a tsakaninsa da kwano, a shafa farin fenti, gefe kawai ya zama tamfol da raga.

Abu biyu da ba wanda ya faɗa. In za ka gangaro falez, wato babbar gangaren dutsen da ke tsakanin Ngaundare da Mbe, ka tuna tirelarka ba ta da burki, motar ce take riƙe ta. Sa giya ta biyu ka sauko a hankali. Na biyu takardu. Permi B, wato lasisin tuƙin ƙaramar mota, yana jan tirelar da ba ta wuce kilo 750 da kayanta ba, sama da haka sai permi E. Ka je ofishin sufuri da zanenka tun kafin a yanka ƙarfe, su gaya maka abin da suke so game da lamba da inshora. Fitilun burki da sigina su yi aiki, jajayen alwatika masu ƙyalli biyu a baya, sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashin ƙugiya. Jandarma abin da zai fara dubawa ke nan.

Baba Alhaji, Pitowa:
Yaro, shekara talatin na yi ina fatauci a waɗannan hanyoyi, ban taɓa kwana a daji da gangan ba. Baƙo in ya isa gari, ƙofar jauro ko lawan yake nufa ya yi sallama. Ka gina abinka, ban hana ka ba, amma inda za ka ajiye shi ya fi yadda za ka gina shi. Kowa ya san halin da yankin Mayo Rai yake ciki da masu satar mutane. Fitilar sola tana haske ita kaɗai a cikin duhu, ga mota, ga kaya, ai kira ne. Ka isa da rana, ka gaida mai gari, ka kafa tantinka a ƙofar gidansa ko kusa da masallaci. Iyali kuwa ka tsaya da su Lagdo, inda akwai jama'a.

Sani, Yelwa, Garwa:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba, na ji, kuma na karɓa. Hajiya, na nuna wa uwargida saƙonki, ta ce dama ita ba ta yi niyyar shiga ba sai in akwai raga. Na soke duro da ƙafar 504. Zan bi gajeren akwatin Malam Bukar, amma da rufi mai ɗagawa da makulli kamar yadda Usmanu ya ce, faifan sola ɗaya a bisansa don fanka da fitila. Malam, dubu 400 ɗin za ta kai mu?

Malam Bukar mai walda, Garwa:
Ba zan yanke maka kuɗi ba sai mun zaga kasuwa tare, don ƙarfe kullum da farashinsa. Abin da za mu yi shi ne mu fara da ƙasa: firam, ƙafafu, ƙugiya mai ƙwallon milimita 50, fitilu. Nan ba a tsumulmula, boris, wato ƙwallayen ƙarfen da taya take juyawa a kansu, sabo za ka saya, har da na ajiya da gwangwanin giris. In kuɗi sun ƙare a nan, ka ɗora katifa da gidan sauro ka fara aiki da ita haka, rufi ya biyo baya. Ranar gwaji za mu loda mata buhunan yashi mu je Ngong mu dawo, mu tsaya a hanya in taɓa kan ƙafafun da hannuna in ji ko sun yi zafi. Ka zo ranar Asabar bayan la'asar da motar, ka taho da safayarka in auna ramukan kusoshin.