Taimako da R: na tace haihuwar dare ya ba ni sifili

Dan_Jekadafari:
Salamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu R, manhajar nazarin bayanai, ku agaza min, furojet ɗina ne na shekarar ƙarshe kuma malamin da ke duba ni yana jira ranar Litinin. Na kwafo lokutan haihuwa daga rajistar wani ƙaramin asibiti a nan Gombe, layi 640, ina so in ware na dare wato daga 22:00 zuwa 06:00, sai na rubuta

filter(lokaci >= "22:00" & lokaci <= "06:00")

ya ba ni sifili. Sifili fa, alhali ni da hannuna na kwafi na ƙarfe biyun dare ba adadi. Kwamfutar ce ko ni ne?

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam ƙanina, kai ne wallahi, kwamfuta lafiyarta ƙalau. Ka ce mata ta kawo lokacin da ya kai 22:00 kuma duk da haka bai wuce 06:00 ba, to wane lokaci ne wannan? Babu shi. Duk tazarar da ta tsallake sha biyun dare da | (alamar "ko") ake yin ta ba & ba. Sannan ka sa < a wajen shidan, kar wanda aka haifa 06:00 cif ya shiga dare ya kuma shiga safe.

Malam_Yelwa:
Maganar Hajiya haka take amma da sauran rina a kaba. Lokutan nan naka rubutu ne ba lokaci ba, R harafi bayan harafi yake gwada su kamar jerin sunaye, don haka "9:05" ya fi "22:00" girma a wurinsa tunda 9 na gaba da 2, kenan in ka sa | kawai duk 'yan tara na safe za su zubo maka cikin na dare kuma ba zai yi maka ko tari ba, ni abin ya taɓa cina a wani aiki sai da na ga dare ya fi rana cika sannan na farga. Ka sauke hms, kunshin R na sarrafa lokaci, ka yi

t = parse_hm(lokaci)

shi daƙiƙoƙi yake ƙirgawa daga sha biyun dare, 22:00 shi ne 79200, 06:00 kuma 21600, sai ka gwada da parse_hm("22:00"). Kar ka bi ta as.POSIXct, wanda ke haɗa kwanan wata da lokaci, in ka ba shi lokaci tsurarsa kwanan watan yau yake liƙa masa, ka ajiye yau gobe ka zo gwadawa komai ya rikice.

Dan_Jekadafari:
Allah ya saka Malam, ya yi, har na ga na ƙarfe biyun nawa. Amma fayil na biyu da abokina ya shigar a Excel yana nuna min 1899-12-31 a gaban kowane lokaci, mu da muka ɗauki na bara.

Maman_Ilham:
Hhhh kar ka tsorata. Excel a matsayin kason yini yake ajiye lokaci, 0.5 shi ne sha biyun rana, to da readxl, kunshin da ke karanto fayil ɗin Excel cikin R, bai ga kwanan wata ba sai ya manna masa wancan. Ka sa as_hms na hms ɗin nan a kai zai yar da 1899 ɗin ya bar maka agogon. Kawai kar ka ce za ka juya shi zuwa Africa/Lagos, wato agogon Najeriya, da with_tz, lokacin gida ne aka rubuta tun asali, juyawar matsar da shi za ta yi.

Dan_Jekadafari:
Ashe kin gan ni Yaya, har na fara rubuta shi na goge. Bari in haɗa fayil biyun kafin cajin ya ƙare.