Neman kalma: me za mu kira ƙarfin da ke danne motar Formula 1 da ƙasa?

Ɗan Runjin Sambo:
Salamu alaikum jama'a. Kalma guda nake nema, kuma ina so mu tsaya a kan matsaya kafin a buɗe kakar tseren motoci na Formula 1 ta bana a Melbon ta Ostireliya ranar 8 ga Maris, 2026. Kalmar ita ce downforce. Tun da aka fito da sababbin motoci aka gwada su a Basalona a ƙarshen Janairu, aka koma Baharen a wannan wata na Fabrairu, ba ka jin bayanin injiniya ko na direba da ba ta fito a ciki ba. Mu da ke ba 'yan'uwa labarin wannan wasa da Hausa kuwa, yau mu ce nauyi, gobe mu ce matsi, jibi mu bar ta yadda ta zo. Abin yana damuna.

Ga abin da take nufi. Fiffiken jirgin sama an ƙera shi ne don iska ta ɗaga shi. Masu ƙera motar tsere sai suka kife shi, tun wajen 1968, ya zama iskar da mota ke ketawa tana tura ta ƙasa, tayoyi su kama kwalta, direba ya shiga kwana da gudun da in babu wannan ƙarfi sai dai a tsinto shi a daji.

Bana maganar ta fi kowace shekara zafi. Da FIA, hukumar da ke tsara dokokin wannan tsere, ta bayyana dokokin 2026 a watan Yunin 2024, ta ce burinta shi ne wannan ƙarfi ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. An rage faɗin mota daga milimita 2000 zuwa 1900, tazarar tayoyin gaba da na baya ta sauko daga 3600 zuwa 3400. An kuma yi ban kwana da DRS, wato dabarar buɗe fiffiken baya don mota ta ƙara gudu ta wuce ta gabanta, da ake amfani da ita tun 2011. Yanzu fukafukan gaba da na baya duka motsi suke yi, su kwanta a miƙaƙƙiyar hanya, su miƙe in an zo kwana.

Uku nake juyawa a raina: nauyin iska, matsin iska, dannin iska. Me kuka gani?

Bakaniken Mabera:
Wa alaikumus salam ƙanena. Matsin iska dai a hidda shi tun yanzu. In kac ce haka gaban mai faci ko wani yaron gareji, iskar taya zai ɗauka kake nuhi, ya ɗauko maka geji. Ni nauyin iska nika so. Duk wanda yas san mota ya san a-kori-kura in babu kaya bayanta rawa yaka yi bisa hanya, in anka loda mata buhunnan albasa sai ta zamna daram. Wanga abu da kake faɗi ai shi ne, sai dai iska ce kayan.

Ɗalibin injiniya, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo:
Baba, ranka shi daɗe, misalinka ya kama hanya, amma a nan ne kalmar nauyi za ta ɓatar da mu. Buhun albasa yana nan da nauyinsa ko mota na tsaye ko tana gudu. Wannan ƙarfi kuwa, in motar tsere na ajiye a gareji, babu shi ko kaɗan. Sai ta fara gudu yake samuwa, kuma in gudu ya ninka biyu, shi ninkawa huɗu yake yi. Shi ya sa motar nan ta fi riƙe ƙasa a kwana mai faɗi da ake shiga da gudu sosai fiye da ƙaramar kwana da ake rarrafawa.

Sannan nauyi na gaskiya abokin gaba ne a tsere. Kayan da ka loda, sai birki ya wahala kafin ya tsayar da su, kuma a kwana su ne za su ja motar waje. Abin da injiniyoyi ke nema shi ne a danna taya ƙasa ba tare da an ƙara wa mota ko kilo ɗaya ba. Ga shi kuma dokar bana ta yi maganar nauyi daban: kada mota ta gaza kilo 768. In muka ce an rage nauyi kuma an rage nauyin iska, mai sauraro zai ɗauka abu ɗaya muka maimaita.

Bakaniken Mabera:
Na ji wannan, ɗana. Allah shi yi albarka. Na janye nauyi.

Wani daga Gawon Nama:
To me zai hana a ce dannau? Gajera ce, tana da daɗin faɗa.

Malamar Hausa, Arkilla:
Ɗan'uwa, ginin kalmarka daidai yake, irin su gagarau da fiddau ne. Matsalar ita ce tana da mai ita. Dannau a wurin Bahaushe shi ne abin nan da ke danne mutum cikin barci, ya so motsi ko ihu ya kasa. Ba za ka raba kunnen mutane da wannan ba. Haka danniya, kada wani ya kawo ta, don ta riga ta zama ta zalunci da tauye haƙƙi.

Ni ina bayan dannin iska. Ginin irin na hawan jini da bugun zuciya ne, sunan aiki a haɗa shi da mai aikatawa, kuma kunnen Bahaushe ya saba da irinsa. Na san wani zai ce ai iska tana nufin mutanen ɓoye, kada a ji dannin iska a ɗauka maganar bori ake. Ban ga abin tsoro a nan ba. Wanda ya ce a ƙara wa taya iska ba wanda ke masa wata fassara. Muhallin magana ne ke raba gardama. A karkara kuma danni na nufin shingen ƙaya da ake wa gona, shi ma nesa yake da filin tsere, ba za su yi karo ba.

Abin da ya fi burge ni da ita shi ne tana lanƙwasuwa. Za ka ce mota ta rasa danni, ko an ƙara mata danni a gaba, ko wannan fili na son danni mai yawa. Kalmar da ba ta gajarcewa a baki ba ta daɗewa.

Bakaniken Mabera:
Malama, ina da sauran magana guda. Yarana sun nuna mani hoton ƙarƙashin motocin nan na shekarun baya, akwai wasu ramu kamar kwalbati. Anka ce su ka jawo motar ƙasa. To wannan ai zuƙa ce, ba danni ba. Mi za ku yi da shi?

Ɗalibin injiniya, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo:
Wannan tambaya ita ce mai wuyar, Baba. Gaskiya ne, daga 2022 zuwa 2025 babban rabo na wannan ƙarfi daga ƙarƙashin mota yake fitowa. Dabarar tsohuwa ce. Kamfanin Lotus na Colin Chapman ne ya fito da ita a 1977, a 1978 Mario Andretti ya ci kambun duniya da ita. A shekarar ce ma ƙungiyar Brabham ta maƙala wa motarta fanka a baya tana zuƙe iskar ƙarƙashi, Niki Lauda ya ci tseren Suwidin da ita, daga nan ba ta sake fitowa ba. A 1983 aka wajabta shimfiɗaɗɗen ƙarƙashi, dabarar ta kwanta har 2022. Da ta dawo, kowa ya ga yadda motoci suka dinga tsalle-tsalle a miƙaƙƙiyar hanya, Mercedes ta fi kowa shan wahala. Bana an sake rage ramukan nan ƙwarai.

Amma ga yadda abin yake. Ramin yana sa iskar ƙarƙashi ta yi sauri, in ta yi sauri ƙarfin turinta ya ragu. Iskar da ke saman mota kuwa tana nan da ƙarfinta, sai ta rinjayi ta ƙasa ta danna motar. Abin da ido ke gani kamar zuƙa, a haƙiƙa rinjayen iskar sama ne. Don haka danni ya ɗauke su duka. In ana son rarrabewa sai a ce dannin fiffike da dannin ƙarƙashi.

Ɗan Runjin Sambo:
Na gode ƙwarai, Malama, Baba da ƙanena. Bari in ɗora kalmar a kan labarin direbobi mu ji ko za ta ɗauka, don a nan na fi buƙatarta.

Lewis Hamilton ya bar Mercedes bayan kaka 12 ya koma Ferrari a 2025, ya ci gajeren tseren Caina a watan Maris, amma har kakar ta ƙare bai hau dandamalin ukun farko a babban tsere ba. Ni a ganina motocin dannin ƙarƙashi ba su taɓa dacewa da hannunsa ba, shi mai son jinkirta birki har bakin kwana, su kuma an ɗaure su tamau kusa da ƙasa don kada danni ya kuɓuce. Bana da salon ya canza, ina sa ran ganin wani Hamilton ɗin daban. Cadillac, wadda ta shigo a matsayin ƙungiya ta 11, ta ɗauko Sergio Pérez da Valtteri Bottas, kuma na fahimci dalili: sabuwar ƙungiya na buƙatar direban da zai sauko ya ce wa injiniya danni ya yi kaɗan a gaba, a kwana kaza, a daidai lokacin da na saki birki. Yaro sabon shiga bai cika iya wannan ba. Isack Hadjar ya hau kujerar ƙungiyar Red Bull kusa da Max Verstappen, inda waɗanda suka gabace shi suka sha fama da mota mai kaifin gaba, wato mai saurin juya kai a kwana, irin wadda Verstappen ke so. Arvid Lindblad shi kaɗai ne sabon shiga a bana. Injiniya Adrian Newey kuma, wanda duk duniyar tseren nan ta yarda ba wanda ya kai shi sanin inda ake tono danni, yana Aston Martin, motarsu na ɗauke da injin Honda.

Kun ji, ba inda na yi tuntuɓe. Na ɗauki dannin iska, a gajarce danni. Shi kuma ƙarfin iskar da ke tirje wa mota kada ta yi gaba, wanda FIA ta ce tana son ya ragu da kashi 55, ina ganin turjiyar iska ta isa, sai in wani na da ja.

Malamar Hausa, Arkilla:
Ba ni da ja a kan turjiya. Roƙona ɗaya ne, Malam: a 'yan makonnin farko ka riƙa faɗin dannin iska cikakke sau ɗaya a farkon kowane bayani, kafin ka koma danni kawai, har kunne ya saba.

Bakaniken Mabera:
Na yarda da danni, amma dannin ƙarƙashi bai kwanta mani ba tukuna. Ku bar ni in gwada shi ga yaran gareji gobe in Allah ya kai mu, in ji yadda za su maido mani da shi.